Shehun Malamin Da Ya Shigar Da Finafinan Hausa Jami'a

A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lasafta shi a matsayin fim ɗin Hausa na farko a kaset ɗin bidiyo. A lokacin nan ba wanda ya yi zaton abin da ake sayarwa a shagunan Bata da Ƙofar Wambai zai zama fannin ilmi har a riƙa ba da digiri a kansa. Masu ilmin boko da yawa sun ɗauke shi wasan yara, malaman addini kuwa suna masa kallon hanyar ɓata tarbiyya. Cikin waɗanda suka sauya wannan ra'ayi a jami'o'inmu, ba a rasa ambaton Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ba.

Abin mamaki shi ne ba ta ƙofar adabi ya shigo ba. An haife shi a unguwar Daneji cikin birnin Kano a 1956. Ya karanta ilmin koyarwa da kimiyyar halittu a Jami'ar Ahmadu Bello, ya gama a 1979, sa'an nan ya tafi Ingila ya sami digirin digirgir a Jami'ar Sussex a 1988, duk a kan koyar da kimiyya. A 1997 aka ba shi kujerar farfesa a wannan fanni. Watau dai ya kai ƙololuwar aikinsa, da ya so sai ya miƙe ƙafa.

Littattafan soyayya ne suka fara jawo shi. A ƙarshen shekarun 1990 aka yi ta muhawara a jaridu a kan waɗannan littattafai da wasu suka raɗa wa suna adabin kasuwar Kano, shi kuwa ya tsaya a gefen marubutan, yana ganin abin da ya sa matasa da matan aure karatu bai cancanci raini ba. Da marubutan suka fara mayar da labaransu fim, sai ya bi su can.

Lokacin kuwa ba mai daɗi ba ne. A watan Disamba na 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 kuma ta kafa Hukumar Tace Finafinai. Cikin wannan yanayi ne aka shirya taron ƙara wa juna sani a kan finafinan Hausa a Kano a 2003, inda malaman jami'a da 'yan fim suka zauna a zaure ɗaya. Takardun taron suka fito littafi a 2004, wanda shi da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril suka tace. Har yanzu da wuya ɗalibi ya rubuta kundi a kan wannan sana'a bai leƙa shi ba.

Tambayar da ta fi cin lokacinsa ita ce wadda kowane mai kallo ya taɓa yi: don me fim ɗin Hausa ya cika rawa da waƙa irin ta Indiya? Masu suka sun ce kwaikwayo ne na rashin basira, suka tsaya nan. Shi ya koma baya, zuwa zamanin da Kwarori masu gidajen silima suke nuna finafinan Indiya a Kano, har yaran da suka tashi suna kallonsu suka girma suka riƙe kyamara. Ya nuna cewa auren dole da kishi da kunyar mace, waɗanda su ne jigon finafinan can, abubuwa ne da Bahaushe ya sani a gidansa, shi ya sa ya ari salon Indiya ya bar na Amurka. Ba kowa ya yarda da wannan bayani ba, kuma akwai masu ganin ya yi wa 'yan fim sassauci. Amma dai ya mayar da zancen daga zagi zuwa bincike, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ta fuskar kwamfuta ma ya yi sammako. Shi ya ƙirƙiro haruffan Rabi'at da Abdalla masu ƙugiya, tun ana wahalar buga ɓ da ɗ da ƙ a na'ura. A 2012 Jami'ar Bayero ta sake ba shi kujerar farfesa, wannan karo a fannin kafofin watsa labarai da al'adu. Daga 2016 zuwa 2021 ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ɗalibanta ke karatu daga gida ta intanet.

Ɗaliban da ke sha'awar bin sawunsa za su tarar da wata matsala da shi bai fara da ita ba. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, fim ya koma tashoshi irin su Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, da kuma YouTube, inda ake sakin shiri mai dogon zango kashi-kashi. Kaset na lalacewa da zafi da ƙura, na'urar kunna shi ma ta yi wuya, abin da aka ɗora a intanet kuwa mai shi na iya sauke shi dare ɗaya. Mai son nazarin finafinan 1990 zuwa 2000 a yau, sau da yawa sai ya bi tsofaffin 'yan kasuwa da furodusoshi gida-gida yana cigiyar kofi ɗaya da ya rage.