Sai bango ya tsage: ɓaraka a ƙwaƙwalwar salula

Ɗan kasuwa ya sa wa shagonsa kwaɗo biyu, ma'aikaci ya kulle takardunsa a biro, amma yau kuɗin wannan da sirrin wancan duk suna cikin salula. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da muke nufi tana can ciki, a ƴan ƙwayoyin lantarkin da ke kama layi da Wi-Fi, suke kuma sarrafa sauti.

Ga yadda abin yake. Duk saƙon da ya shigo, ana ware masa gurbi a ma'ajiyar na'urar, kamar layin mai bashi a littafin kanti. In wanda ya tsara umarnin ƙwayar ya manta da auna tsawon saƙo, rubutun sai ya zarce ya hau layin maƙwabci. Ɓarawo masani yakan tsawaita saƙon da gangan, har rarar ta zama umarni, na'ura kuwa ta bi. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar da yake toshewa kowace shekara daga kurakuran ma'ajiya take fitowa.

A 2017 mai bincike Nitay Artenstein ya gano irinta a ƙwayar Wi-Fi ta Broadcom, wadda ke cikin iPhone da salulolin Android masu yawa: kusantar mai salula kawai ya ishi ɓarawo. A Maris na 2023 masu binciken Google sun ƙirga ɓaraka 18 a ƙwayoyin Exynos na Samsung. Huɗu daga ciki ba su buƙatar komai sai lambar mutum. A 2021 kuma kamfanin Check Point ya nuna yadda za a iya satar sauraro ta ƙwayar sauti ta MediaTek, kamfanin da ƙwayoyinsa ke cikin Tecno da Infinix da yawa da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram.

Dukansu an fitar da gyaransu. Sai dai gyaran yana da doguwar tafiya: daga maƙerin ƙwaya zuwa maƙerin salula, daga nan zuwa hannun mai ita. Tsohuwar salula da mai araha galibi su ake barowa a hanya, tsagarsu ta zauna a buɗe.

Don haka, mai karatu, in salularka ta nemi sabuntawa, kada ka ji ƙyashin kuɗin intanet. Duba cikin saitinta ka ga ranar gyaran tsaro na ƙarshe. In ya haura shekara, ka yi tunani kafin ka ci gaba da aika kuɗi da ita. Ka kashe Wi-Fi in ba ka aiki da shi. Ranar sayen sabuwa kuma, bayan ka tambayi farashi, ka tambayi shekara nawa maƙerinta zai yi yana aiko da gyara.