Dokar Rukuni: Juya Kwamfutocin Kamfani Daga Wuri Ɗaya

Gabatarwa

Mu ƙaddara wani kamfani a Wunti, cikin garin Bauchi, yana da kwamfutoci 40 da kuma reshe a Azare. In aka ce ma'aikaci ɗaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana saita su, aiki ba zai ƙare ba. Maganin wannan wahala shi ne Group Policy, wanda Microsoft ya fito da shi tare da Windows 2000. A nan za mu kira shi "dokar rukuni", domin umarni ne da ake rubutawa sau ɗaya a uwar kwamfuta, ya hau kan rukuni guda.

Kashe-kashenta

Dokar ta kasu gida biyu. Akwai ta na'ura, wadda ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, ko ma wa ya zauna gabanta, kamar hana sanya filas. Akwai kuma ta mutum, wadda ke bin ma'aikaci duk kwamfutar da ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, kamar zaɓa masa firintar da zai yi aiki da ita. Bisa al'ada, kwamfutocin kan nemi sabon umarni bayan kimanin kowane minti 90.

Wa ke gaba da wa?

Dokokin kan sauka bi da bi: ta kwamfutar kanta, sai ta reshe, sai ta kamfani baki ɗaya, sannan ta sashe. In suka yi karo, ta ƙarshe ce ke rinjaye. Wato a nan maganar mai unguwa na iya danne ta sarki, sai fa in an yi wa ta sarkin alamar tilas.

Shiri

Saboda haka tsara sassa shi ne aikin farko: akantoci daban, masu karɓar kuɗi daban. A ba kowace doka suna mai ma'ana, kada a yawaita su, kuma a gwada sabuwa a kwamfuta biyu ko uku tukuna. Kuskure ɗaya na iya toshe wa ma'aikata duka hanyar shiga ranar biyan albashi.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani, in ji Bahaushe. Ƙalubale gare mu ɗaliban harshe shi ne samar wa waɗannan kalmomi Hausar da ma'aikacin Wunti zai gane ba tare da tafinta ba.