Farashin Bashi Sa'ad da Bankuna Suka Shiga Matsi

Bashi ma haja ne, ana saye ana sayarwa, sai dai adadin da ke rubuce a takarda daban, abin da mai saye zai biya daban. Alal misali, dillalin kifi a kasuwar Yauri ya ba wani masunci na Ngaski rancen naira dubu 100 domin sayen koma, bisa alkawarin zai biya da kamun bana. Idan kamu ya yi ƙaranci a tafkin Kainji, shi kuma dillalin nasa masu bin bashi suka tsare masa ƙofa, tilas ya nemi wanda zai karɓi bashin nan ya ba shi kuɗi hannu. Mai karɓa zai auna ko masuncin zai iya biya, da tsawon jiran, da darajar jirgin da aka jingina. Ƙila ya taya dubu 40. Gaggawar mai sayarwa ita ce ke ƙara karya farashin.

Haka ya faru ga bankunan Nijeriya. Sun ba da rance mai yawa domin sayen hannun jari, sai kasuwar ta faɗi a 2008, jinginar ta zube tare da ita. A watan Agusta na 2009 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, daga baya ya ƙara wasu, ya kuma zuba naira biliyan 620 domin kada bankunan su durƙushe. A 2010 aka kafa hukumar AMCON, ta sayi basussukan da suka maƙale, na kimanin naira tiriliyan 3.8, a kan kimanin tiriliyan 1.8, wato ƙasa da rabi.

Abin lura shi ne ba farashi ɗaya aka yi wa kowane bashi ba. Wanda aka jingina da hannun jari an yi masa kuɗi sama da farashin kasuwa na lokacin, da zaton kasuwar za ta farfaɗo. Wanda ba shi da jingina kuwa kashi 5 cikin 100 kawai aka biya. Wannan ya shafi manomin Shanga, ko da bai taɓa jin sunan AMCON ba: gonar gado marar takardar shaidar mallaka ba ta da nauyi a idon banki, don haka rancen da aka ba shi yana cikin waɗanda darajarsu ke fara faɗuwa, bankin da ya sha wuya kuwa shi zai fara hana wa.

Sa'an nan ragin da aka yi tsakanin banki da hukuma bai sauke wa mai cin bashi ko kwabo ba. Mai binsa ne ya sake, kuma doka ta ba AMCON ikon neman kuɗin har da ƙwace kadarar da aka jingina.