Me Ya Sa Yaji Ke Sa Wani Hawaye, Wani Kuwa Ko a Jikinsa?

Tsire ɗaya, yaji ɗaya, amma wani na share hawaye da majina, na kusa da shi kuwa yana cewa mai nama ya ƙara barbaɗa masa. Sirrin yana cikin wani sinadari mai suna kafsaisin, wanda ke cikin barkono da attarugu.

Sinadarin ba ya ƙona harshe da gaske. Yana taɓa jijiyoyin baki ne waɗanda aikinsu shi ne sanar da ƙwaƙwalwa zafin da ya haura digiri 43, sai ta ɗauka wuta ce, gumi ya karyo. Mafi yawansa kuma ba a ƙwayoyin barkonon yake ba, yana jikin farar tsokar nan ta ciki da ƙwayoyin ke maƙale a kai. Uwargida mai son sassauta miya, wannan tsokar ya kamata ta kankare.

A 1912 wani Ba'amurke mai haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya fito da ma'aunin wannan zafi. A kansa attarugu kan kai maki 100,000 zuwa 350,000.

Bambancin juriya fa? Akwai na halitta, amma sabo na da babban kaso: yawan ci na dakusar da jijiyoyin, in aka daɗe ba a ci ba kuma su farfaɗo. Shi ya sa tilasta wa yaro ko baƙo miya mai yaji, ana masa gorin ragwanci, bai dace ba ko kaɗan.

In baki ya ɗau zafi, ruwa ba ya wanke kafsaisin, domin a maiƙo yake narkewa. A nemi kindirmo ko madara.