Motar Igiya a Matsayin Abin Sufuri Cikin Gari: Ko Ta Dace da Daura?

Abin da ake nufi da motar igiya a wannan takarda shi ne ƙananan ɗakuna masu ɗaukar mutum takwas zuwa goma, waɗanda ake ratayewa a jikin igiyar ƙarfe mai zagayawa bisa dogayen turaku. Injin lantarki guda ne a tasha yake jan igiyar, ba ta tsayawa. In ɗaki ya iso tasha sai ya saki igiyar ya rage gudu, mutane su sauka, wasu su hau, sannan ya sake kama ta. Gudunta bai cika wuce kilomita 20 a awa ba.

Birnin Medellín na Kolombiya ya haɗa ta da jirgin ƙasa na cikin gari a 2004, domin talakawan da ke zaune a kan tsaunuka. Boliviya ta biyo baya a 2014, tsakanin La Paz da El Alto wanda ke bisa tudu, har layukanta suka kai goma, tsawonsu fiye da kilomita 30. Aljeriya ma tana da ita a biranen Aljes da Kostantin. Ta Obudu kuwa, wadda aka buɗe a 2005 a Jihar Kuros Riba, ta masu yawon buɗe ido ce. Abin lura shi ne, duk waɗannan wurare akwai dutse ko kwazazzabo da ya hana mota bin miƙaƙƙiyar hanya, watau yanayin ƙasa ne ya kira igiyar.

To, Daura fa? Tambayar ta cancanci a yi ta, tun da an aza harsashin Jami'ar Sufuri a garin a 2019, kuma hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2021, an shata ta ta Daura. Amma Daura fili ce shimfiɗaɗɗa. Inda ake iya kafa hujja kawai shi ne tsohon gari, kewayen rijiyar Kusugu da fadar Sarki, inda lunguna suka matse, jama'a kuma ke cika lokacin hawan Salla da na Gani. Turke ba ya cin fili kamar titi, saboda haka ba sai an rushe gidaje da yawa ba.

Duk da haka, a ganinmu nauyin hujja ya karkata ga ƙin ta. Cunkoson kwanaki ƙalilan a shekara ba zai biya kuɗin injin da zai yi ta juyawa kullum ba. Tana bukatar wutar lantarki marar yankewa, kuma guguwa da tsawar farkon damina sukan tilasta a tsayar da ita. Akwai kuma wani al'amari da injiniyoyi kan manta. Bahaushe ya gina zaure da katanga ne don ya kare tsakar gidansa daga idon baƙo, alhali kuwa wanda ke cikin motar igiya daga sama yake leƙowa, inda babu katanga. Da wuya magidantan unguwannin da ke kewaye da Kusugu su yarda layi ya ratsa ta kan gidajensu.