Ko Ka Sani? Waƙafi Ɗaya Na Iya Mai Da Sefa 655 Ta Koma Dubu 655

Ko ka san kowace kwamfuta tana da ƙasar da take ɗauka tata ce? Ranar da aka fara kunna ta akan tambayi mai ita yankin da yake zaune, shi kuma, cikin ɗokin sabon kaya, sai ya danna ya wuce. To, wannan amsa ce take koya mata yadda za ta karanta adadi da kwanan wata da kuɗi, har ranar da wani ya canza saitin.

A Pleasant Garden, ƙaramin garin da ke kudu da Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, wannan magana ta shafi aljihun mutane. Greensboro na cikin biranen Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa, Hausawa da Zabarmawa, kuma kullum kuɗi da lissafinsa suna kan hanya tsakanin nan da Yamai da Maraɗi da Damagaram: kuɗin makarantar yara, gudummawar biki, motar da aka loda a jirgin ruwa. Da yawa daga cikin wannan lissafi a manhajar Excel ake tsara shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Tun shekarar 1999 aka ɗaure sefa da yuro a kan farashi guda, wanda a Nijar ake rubutawa 655,957. Duk wanda ya yi lakwal, makarantar boko ta Nijar, ya san waƙafin nan yana raba cikakken adadi ne da ɓurɓushinsa, wato yuro ɗaya bai kai sefa 656 ba. Amma buga wannan adadi a kwamfutar da aka saita wa Amurka, inda waƙafi ke raba dubbai, ɗigo kuma ke raba ɓurɓushi. Nan take za ta karɓe shi a matsayin dubu ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya, ba gargaɗi, ba jan rubutu. An ninka kuɗin sau dubu ke nan! Idan kuma aka juya, aka buga 12.5 a kwamfuta mai saitin Faransa, sai ta ɗauke shi rubutu kawai, kamar sunan mutum. In aka zo tara jimilla sai ta tsallake shi shiru. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin kuskuren da ya ninka kuɗi sau dubu ido zai gan shi, amma jimillar da ta ragu kaɗan sai ta kai ga zargi tsakanin 'yan'uwa kafin a gano bakin zaren.

Mutumin Kano kada ya ce ba ruwansa. Gaskiya ne Najeriya da Amurka sun yi tarayya wajen ɗigo da waƙafi, sai dai sun raba gari a kwanan wata. Najeriya da Nijar rana suke fara rubutawa, Amurka kuwa wata. Ranar 'yancin Najeriya, 01/10/1960, kwamfutar Greensboro 10 ga Janairu za ta karanta. Ta Nijar, 03/08/1960, ta koma 8 ga Maris. Abin da ya fi muni, in ranar ta wuce 12 ga wata, misali 25/08, tunda babu wata na 25, sai ta bar shi a matsayin rubutu. Jeri ɗaya, rabi ya juye, rabi ya daskare.

Dalilin shi ne Excel ba ta ajiye kwanan wata yadda muke ganinsa. Kwanaki take ƙirgawa: 1 ga Janairun 1900 shi ne lamba 1, 1 ga Janairun 2000 kuwa 36526. Abin da ke bayyana a fuskar kwamfuta riga ce kawai da saitin yanki yake sanya wa lambar. Shi ya sa ainihin fayil ɗin Excel, mai ƙarewa da xlsx, yakan yi tafiya lafiya: adadin da aka shigar daidai a Maraɗi zai canza riga da kansa in an buɗe shi a Pleasant Garden. Matsala tana shigowa ne lokacin bugawa da hannu, ko kwafowa daga saƙon WhatsApp, ko buɗe fayil irin na CSV da bankuna kan bayar. Shi CSV rubutu ne zalla da ake raba gurabensa da waƙafi. Tunda a tsarin Faransa waƙafi yana da wani aikin, sai suka koma raba nasu da waƙafi mai ruwa. Buɗe irin wannan a kwamfutar Amurka, ka ga komai ya cunkushe a jeri guda.

Masana awo na duniya ma ba su raba gardamar ba. A babban taronsu na 2003 sun amince da ɗigo da waƙafi duka biyun, suka dai ce in za a raba dubbai a bar fili. Kwanan wata ne ya sami mafita tun 1988, a ƙa'idar ISO 8601: shekara, wata, sannan rana, kamar 1960-08-03. A ganina duk wata ƙungiyar 'yan gari ko ta adashe da ke da mambobi a ƙasashe biyu ya kamata ta rungumi wannan tsari.

Akwai alama mai sauƙi. In ba a taɓa tsarin gurbi ba, adadi na gaskiya yakan jingina dama, rubutu kuma hagu. Lambar da ka ga ta maƙale a hagu, kwamfuta ba ta ƙirga ta. A Windows ana duba saitin a sashen lokaci da harshe, ƙarƙashin yanki, a Google Sheets kuwa kowane fayil yana da nasa yankin.

Don haka mai karatu, kafin ka tura lissafi gida ko ka karɓi na gida, tambayi ɗan'uwanka wace ƙasa aka saita wa kwamfutarsa, ku aika wa juna xlsx, sannan ka ɗauki layi biyu ko uku ka tara su da hannu ka gwada da jimillar.