Sharhi: Kashi na farko na Veronica Mars, yarinyar da gari ya juya wa baya

Yau mun koma baya ne zuwa ranar 22 ga Satumba 2004, ranar da tashar UPN ta Amurka ta haska kashi na farko na Veronica Mars. Rob Thomas ne ya ƙirƙiro shirin, Kristen Bell ta fito a matsayin Veronica, ɗalibar sakandare mai taya mahaifinta aikin bincike. Bell tana da shekara 24 a lokacin, amma idan ka gan ta sai ka rantse ƴar aji biyar ce.

Labarin yana faruwa ne a Neptune, wani ƙirƙirarren gari a Kalifoniya. Tun a farko Veronica ta faɗa mana cewa garin ba shi da masu matsakaicin hali, ko dai iyayenka attajirai ne, ko kuma suna yi wa attajirai aiki. Ku riƙe wannan, domin shi ne ƙashin bayan shirin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka saƙa matsala biyu a kashi ɗaya, ƙarama da babba.

Ƙaramar ita ce ta Wallace, sabon ɗalibi da aka tuɓe wa kaya aka ɗaure a jikin sandar tuta da salatif. Laifinsa kawai ya danna ƙararrawa a shagon da yake aiki lokacin da wasu yaran ƙungiyar masu babura suka saci giya. Ɗalibai sun kewaye shi suna dariya, Veronica kaɗai ta fito ta kwance shi. Daga baya ta ƙulla dabara aka tayar da hayaƙi a ɗakin ajiye shaidu na ƴan sanda, aka musanya kaset ɗin satar da wani wanda ya tona asirin ƴan sandan kansu. Da aka kunna shi a kotu, shari'a ta rushe, Weevil shugaban masu baburan ya ƙyale Wallace.

Babbar kuma ita ce kisan Lilly Kane, aminiyar Veronica, wadda Amanda Seyfried ta fito a matsayinta. Keith, mahaifin Veronica, shi ne sherif a lokacin, wato shugaban ƴan sandan yankin wanda jama'a ke zaɓa. Ya zargi mahaifin Lilly, attajiri Jake Kane, wanda kamfaninsa ya azurta mutanen gari da yawa. To wa zai yarda a taɓa wanda ake ci a inuwarsa? Aka tsige Keith, matarsa ta gudu, ƙawayen Veronica suka watse. An kama wani mutum mai suna Abel Koontz ya amsa laifi, amma Keith bai rufe fayil ɗin ba.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda aka nuna an zuba wa Veronica ƙwaya a abin sha a wajen wani fati, aka yi mata fyaɗe. Da safe ta je ta kai ƙara, sabon sherif Don Lamb ya mayar da ita abin ba'a. Daga nan za ka gane dalilin kaifin bakinta da rashin yarda da kowa. Ba don sha'awa take bincike ba, don hukuma ta ƙi sauraron ta ne. Saboda wannan da wasu wurare irin nasu na Turawa, ba shirin da za a kalla da ƙananan yara ba ne.

Aibinsa a wajena, an cika komawa baya, kuma muryar Veronica tana bayani kusan ko'ina, har da abin da ido ya riga ya gani. Ita ma dabarar kaset ɗin ta zo da sauƙi fiye da kima.

Masoya kiɗa kuma, waƙar taken shirin ita ce We Used to Be Friends ta ƙungiyar The Dandy Warhols, sunanta kaɗai ya dace da halin da yarinyar ke ciki.

Ga darasi ga masu yi mana dogon zango a Kannywood: mai kallo yana son ya tashi da wani abu a hannu kowane mako. A nan an warware matsalar Wallace tas, sannan aka bar mu da ƙugiya. Veronica ta bi Jake Kane zuwa wani otal da dare, ta ɗauki hoton wata mota, ashe lambar motar ta mahaifiyarta ce da ta ɓace. Me ya haɗa su? Zango na farko kashi 22 ne, kuma sai a na ƙarshe ake sanin wanda ya kashe Lilly. Na ba wannan kashin takwas cikin goma. Wanda ya riga ya kalla, don Allah ya kama bakinsa.